Eriyar gidan Kawu: yadda hoto ya ɓace da damina, da abin da ya dawo da shi

Gidan kawuna yana wani gari a kan hanyar Kano zuwa Katsina, tazarar kilomita 30 da 'yan kai daga birni. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, rufin kwano, da manyan bishiyoyin darbejiya biyu a ƙofar gida, ta gefen da ke fuskantar Kano. Kawu tsohon malamin firamare ne. Abin da yake nema daga talabijin ba shi da yawa: labaran ƙarfe 9 na dare, tafsiri idan azumi ya zo, sai wasan kwaikwayo da Inna da jikoki suke taruwa a kai bayan sallar isha'i. Yana da dikoda irin wadda ke aiki da eriya, ba mai farantin satalayit ba. A kan wannan eriyar aka sha wahala kusan wata uku, kuma na ga ya dace in rubuta yadda abin ya kasance, domin gidaje da yawa suna kashe kuɗi a daidai wurin da muka kashe namu a banza.

Yadda matsalar ta soma

'Yar ƙaramar eriyar da ta zo da dikodar ta yi shekaru a kan wata gora da aka ɗaure a jikin katanga, har rana ta cinye robarta, iska ta karya mata haƙori biyu. Da bazara wani jikan Kawu ya shiga birni ya sayo sabuwa. Eriya ce mai kyan gani, mai fukafukan roba, da busta a cikinta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da ɗan injin da ke juya ta idan an danna rimot. A jikin kwalinta an rubuta cewa tana kamo tasha daga nisan kilomita 300. Mai shagon ma ya ƙara gishiri, ya ce har tashoshin Nijar za su gani.

Aka ɗora ta a kan gorar nan, aka haɗa da tsohuwar wayar. Ta yi aiki, amma ba yadda aka zata ba. Wasu tashoshin suna fitowa garau, wasu kuma hoton ya daskare, fuskar mai karanta labarai ta farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, sannan ta dawo. Ana haka ruwa ya sauka. Daga ruwan farko abin ya taɓarɓare, zuwa tsakiyar damina kuwa, in dai an yi ruwa da yamma to ranar babu kallo.

Kawu ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗana, ruwa ne ke tare shi. Haka na maƙwabcinmu mai faranti yake yi idan hadari ya haɗu. Sai dai mu haƙura zuwa kaka."

Na ce, "Kawu, naku daban yake da nasa. Bari in zo ran Asabar."

Fahimtar Kawu tana da tushe, amma ba a nan take aiki ba. Farantin satalayit yana karɓar sigina a zango mai tsananin gajarta, wajen megahaz 11,000 zuwa 12,000 (megahaz shi ne ma'aunin da ake bambanta zangon sigina da shi), kuma ɗigon ruwan sama yana raunana irin wannan sosai. Talabijin mai aiki da eriya kuwa yana tafiya ne tsakanin megahaz 470 zuwa 694, inda ruwan da ke zuba daga sama ba ya yi masa wata illar a-zo-a-gani. Idan hoton eriya ya ɓace da damina, ruwan ya shiga wani wuri ne, ko ya jiƙa wani abu da ke kan hanya.

Abin da ya canza tun zamanin gora

Kafin mu hau katanga sai da muka zauna a zaure, domin Kawu mutum ne da ba ya barin a taɓa masa kaya sai ya gane dalili. Ya tuna mini lokacin da tashoshin Kano biyu ne kawai a gidan, NTA a lamba 5 da CTV a lamba 67, wadda aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi kuma daga baya aka sa mata sunansa ta koma ARTV. Yaro ɗaya a waje yana murɗa gora, wani a taga yana ihu: "Ya yi! A'a, koma baya! Tsaya nan!" Ya ce a lokacin ko waya ka ɗaura a jikin murfin tukunya za ka ga wani abu. Me ya sa yanzu da kayan suka fi tsada abin ya fi wuya?

Tambaya ce mai kyau. Tsohon tsari na analog yana da haƙuri. Idan sigina ya yi rauni hoton zai yi yayyafi, ya yi inuwa biyu, amma kana ganin mutum kana jin abin da yake faɗa. Tsarin dijital ba ya san rabi-da-rabi. Muddin abin da ya iso ya kai wani mizani, hoto zai fito tas kamar kana cikin ɗakin watsa shirin. Da ya gaza mizanin nan da ƙiris, sai ya daskare ko allo ya yi baƙi. Saboda haka gidan da ke bakin mizanin zai ga hoto lafiya lau da rana, ganye ya jiƙe da yamma, shi ke nan ya faɗa rami. Gidan Kawu a bakin ramin yake tun bazara, damina tura shi kawai ta yi.

Wannan sauyi ya samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Janiba a 2006 ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin analog a zangon UHF, wato zangon da talabijin mai eriya ke tafiya a kai. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara gwajin dijital a Jos a watan Afrilu 2016, Abuja ta biyo a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuwa sai Nuwamba 2021 aka ƙaddamar da FreeTV, tsarin dijital na gwamnati, a cikinta. Kafin nan StarTimes da GOtv sun riga sun saba wa mutane da dikoda mai eriya. Dukansu a kan tsari ɗaya suke, wanda ake kira DVB-T2, kuma eriyar UHF mai kyau za ta yi wa kowannensu aiki. Babu wata aba wai ita eriyar dijital ta musamman. Ƙarfe ne da aka yanka daidai da tsawon zango, bai san ko analog ne ke ratsa shi ko dijital ba.

Wani abu kuma ya canza, kuma shi ne ya fi shafar gidan Kawu. Da aka matse talabijin zuwa ƙasa da megahaz 694, sai aka ware saman, wato yankin 700 da na 800, ga kamfanonin wayar hannu. Wurin da lamba 67 take, wajen megahaz 840, yana cikin yankin da aka ware ɗin. Na nuna wa Kawu hasumiyar waya da aka kafa a bayan makarantar garin, wadda ana hango jar fitilarta daga tsakar gida. Na ce ya riƙe wannan a ransa.

Bincike

Na ɗauko wani matashi mai gyaran talabijin a kasuwar garin, wanda Kawu ke kira Injiniya. Abu na farko da ya yi shi ne ya buɗe shafin dikoda da ke nuna layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinsa. Na ƙarfi ya kusa cika. Na inganci yana ƙasa, yana rawa, ya hau ya sauko.

Ya ce, "Baba, kun gani? Ƙarfi akwai shi har ya yi yawa. Tsabta ce babu."

Wannan shi ne abin da masu sayen eriya suka fi rashin sani, kuma a kansa masu sayarwa ke cin kasuwa. Busta ba ta ƙirƙiro sigina. Abin da eriya ta miƙo mata shi take kumburawa, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya, har ta ƙara da nata ƙazantar. Kamar lasifika ce a hannun mai mura: murya za ta yi ƙara, amma ba za ta washe ba. Kuma bustar da ke cikin irin waɗannan eriyoyi buɗaɗɗiya ce, tana ɗaukar duk abin da ke tsakanin zangon rediyo har zuwa na wayar hannu. Siginar talabijin ya taho daga kilomita 30 a gajiye, na hasumiyar waya kuwa daga bayan makaranta yake fitowa da ƙarfinsa. Bustar ta cika ta batse, ta dagula wanda ake nema. Layin ƙarfi ya nuna kamar komai lafiya, alhali abin da ya cika shi ba na talabijin ba ne.

Jikan Kawu ya ce shi ma ya yi zargin bustar, ya taɓa zare wutarta, sai hoton ya ɓace baki ɗaya, don haka ya ɗauka ita ce ke riƙe da gidan. Injiniya ya yi masa bayani cewa busta marar wuta toshe hanya take yi, ba komawa take yi waya zalla ba. In kana son ka san amfaninta, cire ta za ka yi daga layin ɗungurungum. Tunda wannan a cikin eriyar aka gina ta, ba ta ciruwa.

Sai muka bi wayar eriya. A nan na ji kunyar idon Kawu, domin gyaran da aka yi ta yi wa wayar nan shekara da shekaru duk 'yan gida ne suka yi shi da kyakkyawar niyya. Siririya ce, tsawonta ya kai mita 30 saboda an zagaya da ita ta bayan ɗakin girki, ragowar kuma an naɗe an rataye a ƙusa. Wuri uku an yanke an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Da Injiniya ya kwance na saman, ruwa ne ya ɗigo. Ragar da ke kewaye da wayar ta yi baƙi ta yi kore, ya feɗe gaba kusan kamu biyu bai iske mai haske ba. Ruwa yana shiga ta bakin da ke sama, ya bi cikin wayar yana gangarowa kamar tiyo.

Ko sabuwar waya mai kauri, irin da ake kira RG-6, tana cinye kusan rabin siginar UHF a kowane mita 15. A mita 30 saura kashi ɗaya cikin huɗu. Siririya, RG-59, ta fi haka ci. Ka ƙara da ruwa da tsatsa da ɗauri uku, sai ka yi mamakin ma yadda wani abu yake isowa ɗaki.

Na uku, tsayi. Gorar ba ta wuce mita 4 ba, kan eriyar yana daidai da tsakiyar ganyen darbejiya, kuma bayan bishiyoyin maƙwabci ya ɗora bene mai rufin kwano shekara biyu da suka wuce. Siginar UHF kusan kamar haske yake tafiya, a miƙe. Busasshen ganye yana rage shi kaɗan, jiƙaƙƙe yana rage shi sosai, idan kuma iska na kaɗa shi sai siginar ya riƙa hawa da sauka. Kwano kuwa mayar da shi yake yi kamar madubi.

Wannan tafiya a miƙe ita ce ta ƙaryata kwalin nan. Duniya a lanƙwashe take, don haka akwai iyakar inda hasumiya ke iya hangowa. A ce hasumiyar tashar tana da tsayin mita 200, eriyarka kuma tana mita 9, iyakar da za su ga juna a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wajen kilomita 70 ce. Wani lokaci yanayin iska yakan kawo tasha daga nesa na 'yan sa'o'i, amma wannan baƙo ne, ba a gina gida a kansa. Kilomita 300 kullum-kullum, babu eriyar da za ta yi, ko nawa aka saye ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu irin wannan rubutu sun san wanda zai saya: mutumin karkara da ke nesa da tasha, wanda shi ne ya fi buƙatar a gaya masa gaskiya.

Zaɓin da muka yi

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu. Eriyar cikin ɗaki mai kahon nan biyu mun cire ta tun farko. Tana yi wa wanda ke cikin birni kusa da tasha, amma a ƙarƙashin rufin kwano, a kilomita 30, ɓata kuɗi ne. Farantin satalayit Kawu ya ƙi, domin yana nufin sabuwar dikoda da sabon kashe kuɗi, alhali wadda yake da ita lafiyarta ƙalau. Saura biyu: mu bar mai busta mu sa mata matatar da ke tare siginar wayar hannu, ko mu sayi eriya zalla marar wuta.

Na tsaya a kan ta biyu, kuma har yanzu ina ganin ita ce daidai ga gida irin wannan. Eriyar da muka saya ita ce doguwar nan mai kama da ƙashin kifi, sanda ɗaya da gajerun haƙora a jere, da raga a bayanta. Sunanta Yagi, ko Yagi-Uda, sunan malamai biyu na jami'ar Tohoku a Japan, Hidetsugu Yagi da Shintaro Uda, da suka fito da ita a 1926. Kusan shekara 100 ke nan ba a sauya mata fasali ba, saboda lissafinta bai tsufa ba. Haƙori ɗaya ne kawai ke haɗe da waya. Na gabansa suna tattaro siginar suna miƙo masa, ragar baya tana dawo masa da wanda ya wuce, tana kuma kare shi daga abin da ke tahowa ta baya. Mai matsakaicin tsawo tana iya ninka abin da take karɓa daga gabanta wajen sau 10 a kan haƙori guda, ba tare da wuta ba, ba tare da ƙara ƙazanta ba.

Tsawon haƙoran ma magana yake yi. A megahaz 600 tsawon zango rabin mita ne, haƙori kuwa yana kai kusan rabin wannan, wato wajen santimita 25. Eriyoyin da, masu dogayen sanduna kamar na shanya, an yi su ne don VHF, zangon da ke ƙasa da UHF, irin lamba 5, inda haƙori ke wuce santimita 70. Da ido ma za ka iya gane wacce aka yi don me. Akwai irin tsofaffin nan a kan soraye da yawa, mutane suna haɗa su da dikoda suna mamakin rashin hoto.

Aibin Yagi ɗaya ne, kuma shi ne amfaninta: gaba kawai take kallo. Wanda tashoshinsa ke zuwa daga kusurwoyi daban-daban zai fi jin daɗin mai faɗin raga, wadda ke buɗe fuska. A gidan Kawu kuwa duk abin da ake nema daga wajen Kano yake tahowa, hasumiyar waya kuma tana can gefe ta baya. Kamar don gidan aka ƙera ta. Injin juyawa ma ba shi da aikin yi a nan, sai ƙarin abin lalacewa. A kasuwa na duba abu uku kawai: haƙoran alminiyon ne masu kauri ko gwangwani, akwatin da waya ke shiga yana rufuwa ruf ko kuwa, sannan maɗaurin ƙarfe ne mai noti ko roba.

Ranar ɗorawa

Ba mu fara da haƙa rami ba. Injiniya ya ɗaura eriyar a kan dogon fayif, ya haɗa sabuwar RG-6, ya riƙa yawo da ita a tsakar gida, ni kuma ina gaban talabijin ina karanto masa layin inganci, bayan na roƙe shi mu manta da na ƙarfi. Kawu ya zauna a kan tabarma yana murmushi, ya ce ashe murɗa gora ba ta mutu ba. Abin da ya ba kowa mamaki, a tsohon wurin, ko da aka ɗaga sama, ingancin bai wuce rabi ba. Da aka matsa taku shida zuwa kusurwar ɗakin Kawu, inda ake hango sarari tsakanin darbejiya da benen maƙwabci, sai ya haura 80 cikin 100 ya tsaya cak. Mun gwada haƙoran a kwance, mun gwada a tsaye, muka bar su yadda suka fi bayarwa, wanda ya zo daidai da na sauran gidajen unguwar. Dole eriya ta kwanta ko ta tsaya yadda tashar ta aiko da siginar, in ba haka ba an yi asarar mafi yawansa.

Dikoda tana ɗaukar daƙiƙu kafin ta nuna sauyi, don haka a hankali ake juyawa, a tsaya, a jira. Mun sami inda hoton ke fara lalacewa ta dama, da inda yake fara lalacewa ta hagu, muka ɗaure a tsakiya.

Sabon wurin ya rage tsawon wayar zuwa mita 12, guda ɗaya babu ɗauri. Fayif ɗin ya kai wajen mita 8, an kafe shi da maɗauri biyu a bango da wayoyi uku masu ja. Bakin da ke sama Injiniya ya sa masa kan ƙarfe mai murɗawa, ya naɗe da robar tsohon tif na babur, ya juyar da shi yana kallon ƙasa. Kafin wayar ta shiga ɗaki ya sake ta ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗige a waje.

Abu biyu na nace a kansu ko da sun ƙara kuɗi. Wayar lantarki ta bi ta ƙofar gidan, don haka muka auna muka tabbatar ko fayif ɗin ya faɗi ba zai kai gare ta ba. Wannan ba abin wasa ba ne, ɗaga dogon ƙarfe kusa da wayar wuta yana kashe mutum nan take. Na biyu, ƙarfe mai mita 8 ya zama abu mafi tsayi a gidan in ban da bishiyoyi, ga damina da tsawa. Muka ɗaura masa waya mai kauri ta jan ƙarfe zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa, na kuma roƙi Inna ta sa yara su riƙa zare wayar eriya daga dikoda idan hadari ya taso da walƙiya.

Da yammar ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ingancin ya sauko kaɗan, hoton bai ko motsa ba. Wannan ratar da ke tsakanin inda sigina yake da bakin rami ita muka saya, kuma tsayi da wuri da waya ne suka ba da mafi yawanta. Duka kuɗin eriya da waya da fayif, wayar da fayif ɗin ne suka fi cin kuɗi, eriyar kanta ba ta kai farashin mai rimot ɗin ba.

Abin da ya biyo baya

Bayan sati biyu Inna ta ce tana son a ja mata layi zuwa ɗakinta. Injiniya ya gwada da marabar waya mai baki biyu. Irin wannan tana ba kowane ɗaki ƙasa da rabin abin da ya shigo, ga ƙarin mita 15 zuwa ɗakin nata. A ɗakin Kawu hoton ya tsaya, a nata ya soma daskarewa. A nan ne busta take da wurin zama na gaskiya: ƙarama, a can sama kusa da eriya inda siginar yake da tsabta, mai matatar da ke yanke abin da ya haura megahaz 694, aikinta kawai ta biya abin da waya da maraba za su ci. Ɗakin na biyu kuma zai buƙaci tasa dikodar. Kawu ya lissafa ya ce a dakata sai an sayar da gyaɗa, aka cire marabar.

Da hunturu ya shigo, wata rana ya kira ni ya ce tashoshi biyu sun fara sarƙewa. Iska ce ta ɗan kautar da kan eriyar, domin noti ɗaya bai ɗauru sosai ba. Jikan nan ya hau da sifana, Kawu na karanto masa layin inganci ta taga, ya mayar da ita ya ɗaure. Kafin ya sauko Kawu ya miƙa masa ragowar fenti, ya ce ya ja layi daga maɗaurin zuwa jikin fayif, yadda ko daga ƙasa za a gane idan ta sake gocewa.